Ai Baba Ya Fi Kowa Iya Tuƙi

Duk wanda ya san gidan Alhaji Jibrin a Unguwar Rimi ya san Alhaji mutum ne mai jin ƙan iyaye. Shi da bakinsa yake faɗa, saboda haka babu wurin musu. Shi ne ya je Unguwar Shanu ya kwaso mahaifinsa, Malam Datti, daga ɗakin haya bayan rasuwar tsohuwa, ya ce ba zai yiwu yana mataimakin darakta a ma'aikatar gwamnati ubansa na kwana inda kwata ke bi ta ƙofar ɗaki ba. Ya kawo shi gida don ya huta. Aka share masa ɗakin can baya kusa da gareji, aka sa masa katifa da buta da dadduma, kafin sati ya zagayo kuma aka miƙa masa makullin Fijo, motar gidan, tunda dai hutu bai hana mutum ɗan motsa jini ba.

Malam Datti tuƙi ya yi wa gwamnati har ya yi ritaya, bai taɓa buge ko akuya ba. Wannan shi ne abin alfaharinsa, shi ne kuma ya zame masa igiya a wuya. A watan da ya tare aka sallami direban gidan, wai yana satar mai. Daga ranar, kai jikoki Adamu da Amina makaranta, Baba. Ɗauko su, Baba. Kai matar gida Hajiya Ramatu Babbar Kasuwa da gidajen suna, Baba. In fetur ya yi wuya a gari, wanda zai wuni a layi rana na gasa shi a cikin ƙarfe, Baba. Shi Alhaji motar ofis ke zuwa ɗaukarsa da direbanta, bai san ana yi ba.

Kalmar nan ta "Baba" kuwa ba ƙaramar rana ta yi wa Alhaji Jibrin ba. A Kaduna duk tsohon da ke riƙe da sitiyari Baba ne, maigadi Baba ne, mai ba fulawa ruwa ma Baba ne. To in manyan baƙi sun zo daga ofis, Alhaji ya leƙa ta taga ya ce Baba a sauke su a masauki, wace ƙarya ya yi? Ko gaban alƙali aka je bai yi ƙarya ba. Shi kuma Malam Datti ba shi da bakin gyara zancen, domin Jibrin ɗan fari ne, mutanen da kuwa ba sa kama sunan ɗan fari, ba sa nuna shi a gaban jama'a su ce nawa ne. Ko magana zai yi masa sai ya kawar da kai gefe ya ce "kai", in zancensa zai yi da wani ya ce "mai gidan nan". Kunyar da uba ya riƙe don mutunta ɗa, ɗan ya mayar da ita labule. Har akwai ranar da wani baƙo ya danƙa wa tsohon na goro bayan ya sauke shi, ya ce masa ya riƙe aikin nan da kyau, ba kullum ake dace da ubangida mai kirki irin Alhaji ba. Malam Datti ya ce madalla, ya yi godiya.

Idon hagu ne ya fara. Sai ya ga kamar gilashin gaba ya yi hazo, ya fita ya goge, ya dawo ya tarar hazon na nan. Ya goge da omo, ya goge da tsohuwar jarida, sannan ya yarda cewa ba gilashin ba ne. Yanar ido ce ta fara rufe shi, kuma kafin damina ta shigo na dama ma ya soma bin sawun ɗan'uwansa. Mutum in yana nesa sai ya zama inuwa. Fitilar mota in ta haske shi da magariba sai ta tarwatse ta cika masa duniya, ya rasa inda kwalta ta ƙare.

Wanda ya daɗe a sana'a ba ya rasa dabara, sai Malam Datti ya shiga yi wa tuƙinsa faci. Ya daina kunna rediyo. Ya riƙa sauke gilashin gefensa ko ana yayyafi, don kunne ya taya ido aiki. Ya koma fita da yara tun gari bai gama wayewa ba, kafin 'yan acaɓa su cika titi, don su waɗannan ba a ganin zuwansu sai dai a ji wucewarsu. Ya bar gajeriyar hanya mai shataletale ya koma doguwa wadda ya san kowane raminta. In ya samu kiya-kiya, ƙaramar bas ɗin haya, mai farin fenti tana tafiya inda ya nufa, sai ya lafe a bayanta, in ta tsaya ya tsaya, in ta tashi ya tashi. Ya daina wuce kowace mota, ko da kuwa tana rarrafe. A mahaɗa ba ya iya rarrabe hannun ɗan yalo-fifa mai ba motoci hannu, ko tsaya yake nufi ko taho, sai ya jira motar gefensa ta motsa sannan ya saki birki. Kowace kwana sai ya danna hon kamar mai kai amarya. Da la'asar ta yi sanyi kuwa sai ya nemi dalilin da zai sa mota ta shiga gareji.

Mutanen gida sun lura da duk wannan, kada wani ya ce ba su lura ba. Sun ma yi masa fassara. Hajiya Ramatu ta ce Baba tuƙin zamanin Turawa yake yi, kafin ya kai mutum kasuwa tumatir ya yi tsada. Yara suka ce Baba ya cika rowar rediyo. Alhaji ya ce wannan shi ake kira natsuwa, shi ya sa ba ya haɗa Baba da kowa.

Ranar wata Juma'a da safe Alhaji ya zo ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakin baya ya gai da uban, kamar yadda ya saba in ya tuna. Malam Datti ya kwana yana shirya maganar. Ya dubi bango ya ce, "Idon nan fa ya ƙi. A nemi wani ya karɓi motar nan, tun ba a yi abin da za a yi da-na-sani ba. Yara nake ɗauka."

Alhaji ya yi dariya har da dafa ƙasa. "Haba Baba. Ai ko an ɗaure maka ido da ƙyalle ka fi yaran yanzu iya tuƙi."

Daga nan ya shiga jero hujjoji, kuma a gaskiya Allah ya ba shi baki, ba banza aka yi masa ƙarin girma a ofis ba. Direbobin yanzu duk 'yan ƙwaya ne. Wa zai danƙa wa bare amanar 'ya'yansa alhali kakansu na raye? Wani abokinsa likita ya gaya masa cewa tsoho in ya zauna wuri ɗaya jiki ne ke mutuwa, saboda haka tuƙin nan magani ne. Ga shi kuma zamani ne na tsuke bakin aljihu, gwamnati da kanta ta ce a tsuke. Batun ido kuwa ƙaramin abu ne, za a je asibitin ido a duba, da zarar ya dawo daga rangadi. Ya dawo daga rangadi aka shiga aikin kasafi. Aka gama kasafi azumi ya kama, kuma kowa ya san ba a taɓa ido da azumi, ko da yake babu wanda ya san malamin da ya faɗi haka. Bayan salla kuma sai aka ce a bari hidimar salla ta lafa.

Amma kada a zalunci Hajiya Ramatu, ta yi ƙoƙarinta. Ta sayo masa tabarau a tebur a Babbar Kasuwa, mai ruwan zinare a gefe. Ta ce sai da ta gwada a idonta ta ga komai garau sannan ta biya. Malam Datti ya sa, ƙasa ta taso masa, kansa ya ɗauki sara. Duk da haka yakan maƙala shi in zai fita daga gida don kada a ce ya raina kyauta, in ya sha kwana ya cire ya jefa aljihu. Daga ranar, duk wanda ya tayar da zancen idon Baba sai a ce masa ai an saya masa tabarau.

Wani abin da Hajiya ta yi kuma shi ne ƙaura. Da can a baya take hakimcewa, a kusurwar da masu mota ke zama. Ranar da Malam Datti ya kusa hawa kan baron wani mai lemo a bakin kasuwa, sai ta dawo kujerar gaba, ba ta sake komawa baya ba. Ita da ko ido ba ta haɗawa da suruki a cikin gida, a mota kunyar surukuta sai ta tsaya a bakin ƙofa ta jira ta. Tun daga gida har kasuwa bakinta ba ya hutawa, Baba mai keke, Baba rami, Baba mutum ne fa a gabanka. In sun dawo ta zauna a falo ta ba ƙawayenta labari suna ta ƙyaƙyata dariya, wai ita ce ido Baba ne hannu. Wato in jikinta na cikin motar ta san tsohon ba ya gani. Da safe kuwa, in ta tura 'ya'yanta biyu kujerar baya ta rufe ƙofa, sai idon Baba ya warke sarai har zuwa lokacin da za ta sake bukatar kasuwa.

Sai kuma mantuwa ta biyo baya, don tsufa ba ya zuwa shi kaɗai. Wata safiya ya ɗauki yara, ya tuƙa lafiya lau, ya je ya tsaya a ƙofar ma'aikatar da ya yi wa aiki, ya kashe mota yana jiran wani ubangidansa da ya daɗe a kabari. Sai da Adamu ya fashe da kuka yana cewa za a doke su sun makara, sannan hankalinsa ya dawo. Gumi ya keto masa har cikin hula. Ya yi ta salati bai san adadi ba. Da labarin ya isa gida da yamma aka yi dariya har da riƙe ciki, Alhaji ya ce Baba kewar ofis yake yi. Tun daga ranar Malam Datti ya ƙara wani facin. In ya tayar da mota sai ya riƙa maimaita inda za shi a hankali kamar mai lazimi, makaranta, makaranta, makaranta, har ya isa.

Tsoro ne ya cika shi, tsoro na gaske, irin mai hana barci. Ba mutuwarsa yake tsoro ba, wannan ya daɗe da shirya mata. Abin da yake gani in ya rufe ido shi ne Amina da Adamu a ƙarƙashin tirela, ko ɗan wani a ƙarƙashin tayarsa, a ce tsohon da ya ƙare aiki hannunsa babu jini ya zo ya ɗauka a bakin kabari.

Ya gwada ƙi. Wata Litinin ya ajiye makullin a kan teburin falo ya koma ɗakinsa ya zauna. Ba wanda ya yi masa faɗa, ai gidan tarbiyya ne. Yara kawai aka turo suka tsaya masa a bakin ƙofa da kayan makaranta da jakunkuna suna kallonsa. Alhaji ya tsaya a tsakar gida yana gaya wa iska cewa in dai an ga ya dace yara su tashi da jahilci, shi ba zai ja da na gaba da shi ba. Ranar koko bai iso ɗakin baya ba sai da hantsi ya dubi ludayi, tuwon dare kuma ya zo babu nama, ya huce. Ba a ce masa komai ba, amma Malam Datti ba yaro ba ne, ya gane cewa kwanon tuwo da makullin mota a igiya ɗaya aka ɗaure su. Washegari ya ɗauki makullin.

Hassana, ƙanwar Alhaji da ke aure a Katabu wajen wani mai buga bulo, ita ce ta zo ganin uban ta tarar yana zuba shayi a gefen kofi yana zaton a ciki yake zubawa. Ta leƙa idonsa ta ga farin abu kwance a kan baƙin. Ba ta tsaya sallama mai tsawo ba ta shiga falo ta sami yayanta, ta ce masa wannan ganganci ne, a kai Baba asibiti, a raba shi da mota, in kuma ya yi musu nauyi a ba ta shi ta tafi da shi. Alhaji ya ajiye jarida ya dube ta sama da ƙasa. Ya ce wanda bai ajiye tsoho ba shi ya fi kowa sanin ciwon tsoho. Ya ce ita a wa, da za ta ɗauki uban mataimakin darakta ta kai shi Katabu, gidan da ko wutar lantarki babu, duniya ta zage shi? Wannan sai bayan ransa. Hajiya ta ƙara da cewa su da suke ɗawainiya dare da rana ba su yi ƙorafi ba. Hassana ta fita tana share hawaye da gefen mayafi, aka ce Baba ya sauke ta a tashar Kawo.

Ranar da abin ya faru, Asabar ce cikin tsakiyar damina. An kai yara Malali gidan wani abokin Alhaji, ana bikin zagayowar ranar haihuwar ɗansa. Tun bayan la'asar Malam Datti ya ga gabas ta haɗe, ya aika a gaya wa Hajiya gara ya je ya ɗauko su yanzu. Ta aiko cewa ba a yanka kek ba tukuna, kada a kwaso mata yara kamar marasa gata. Alhaji yana falo da baƙi, kuma ya iya tuƙi sarai, amma ba a tashi a bar baƙi. Sai da rana ta yi ja aka ce to Baba ya je.

Kafin ya fito da su daga gidan bikin ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ya hau titi yana cewa gida, gida, gida. Motoci duk sun kunna fitilu, kowace fitila ta faɗo kan jiƙaƙƙen gilashi ta fashe. Ya sauke gilashin gefe, ruwa ya riƙa dukan fuskarsa, ƙarar ruwan kuma ta toshe kunnen da yake dogara da shi. Ya samu wasu jajayen fitilu biyu a gabansa ya bi su, suka sha kwana ya sha, suka sake sha ya sake sha, can suka ɓace. Ya duba dama da hagu bai gane ko gini ɗaya ba. Garin da ya tuƙa mota a cikinsa tun ana ƙirga motocin da ke ciki, yau ya zame masa baƙon gari. Yara a baya suna rigima a kan balan-balan.

Bai ga matar ba sam. Ihu ya ji, ya taka birki da ƙafa biyu, ya ji wani abu ya daki gaban mota ya yi ƙara. Ya buɗe ƙofa ya fita cikin ruwa, ya durƙusa yana lalube a ƙasa da hannu, yana kiran sunan Allah. Hannunsa ya faɗa kan dafaffiyar masara, sannan kan faranti. Can ya ji kukan jariri, ya ji muryar mace tana salati. Mai tallar masara ce da goyo a bayanta, tana tsallake titi za ta fake. Farantin motar ta doka, ita kuma ta faɗa gefen kwata a kan gwiwoyinta. Tsakanin goyon da ƙarfen mota bai kai tsawon hannu ba.

Mutane suka taru, wasu har sun fara naɗe hannun riga, sai wani ya haska fuskarsa da tocila ya ga idon, jikin kowa ya yi sanyi. Matar ta miƙe tana jijjiga ɗanta, jini na bin ƙaurinta. Ta dube shi da kyau.

"Baba, ba ka haihu ba ne? Ba ka da ɗan da zai zaunar da kai a gida? Wallahi duk wanda ya ba ka makullin nan da wannan idon, Allah ya isa tsakanina da shi."

Malam Datti bai ce amin ba, bai kuma ce a yi haƙuri ba. Ya sunkuyar da kai ruwa na zuba ta gemunsa. Ya roƙi samarin wurin suka tura masa motar gefe ƙarƙashin wata bishiya. Ya kulle ta, ya goya Amina, ya ce Adamu ya riƙe masa gefen riga gam, ya rantse a ransa cewa ko za a yanka shi ba zai sake zama a bayan sitiyari ba. Suka yi ta tafiya yana tambayar hanyar Unguwar Rimi kamar wanda ya sauka daga jirgin ƙasa yau. Wani mai kiya-kiya ya tausaya ya rage musu hanya kyauta, sauran suka ƙarasa a ƙafa.

Bayan isha'i suka shigo gida sharkaf. Hajiya ta rungume 'ya'yanta ta shafa su ta ga babu ko ƙwarzane, ta yi hamdala, wannan kam ta yi. Sannan ta ɗaga kai ta dubi bayan tsohon, ta dubi ƙofar gida.

"Baba, ina motar?"

Ya buɗe baki zai faɗa, ya tarar inda ya bar ta ya goge daga kansa. Ya san akwai bishiya. Ya san akwai kwata. Alhaji ya fito yana tambaya wace unguwa, wane titi, kusa da me, tsohon ya yi ta juya makulli a hannu yana cewa ƙarƙashin wata bishiya ce. To Kaduna kuwa ba bishiya ta rasa ba. Ya so ya ba da labarin matar da goyonta, ba wanda ya tsaya ji. Aka fita nema a motar baƙi aka dawo hannu rabbana. Sai washegari da rana aka same ta can wajen Unguwar Dosa, inda babu abin da ya haɗa shi da hanyar gida, tana zaune a kan duwatsu. An kwance tayoyin, an ɗauke batir, an ƙwaƙule fitilun gaba duka biyu.

Alhaji bai ɗaga wa ubansa murya ba, Allah ya kiyaye, ai ɗan halak ne. Maigadi ya yi wa ihu, ya yi wa bango, ya yi wa kujera. Sannan a cikin wuni ɗaya gidan ya gano abubuwan da aka shekara ana nema ba a gani ba. Aka gano Baba ya tsufa. Aka gano Baba ba ya gani. Aka gano yana da mantuwa, har Hajiya ta tuna ranar da ya kai yara tsohon ofishinsa, ta ce ita tun ranar jikinta ya ba ta. Abokin nan likita ma ashe ya canza fatawa, yanzu cewa ya yi tsoho irin wannan ba abin da yake bukata sai hutu da iskar ƙauye. Aka kuma tuna cewa 'ya mace ta fi iya jinyar uba. Katabu, wadda da sai bayan ran Alhaji, ta zama wuri mai albarka, ga shi kuwa Alhaji da ransa har da ƙiba.

Da safen da za a tafi da shi, Alhaji ya zo ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakin baya, fuskarsa cike da damuwa. Ya ce, "Baba, ai da ka faɗa mana abin ya kai haka. Ka ga da ba a yi wannan asarar ba."

Malam Datti yana ɗaure bakin buhun kayansa. Bai juyo ba.

"Na faɗa. Maganata ce ba ta da nauyi. Sai da mota ta faɗa kuka ji."

Alhaji ya ce Allah ya huci zuciyar Baba, ya duba agogo, ya ce motar ofis na jira.

Kafin sati ya ƙare an ɗauki sabon direba, wani saurayi Haruna, da albashinsa da abincinsa, aka ba shi ɗakin baya da katifar da ke ciki. Bakin aljihun nan da gwamnati ta ce a tsuke ya buɗe da kansa. Aka sa wa Fijo tayoyi, aka sa batir, aka sayo mata fitilu biyu sababbi fil a kwali, don Alhaji ya ce ba a wasa da abin da ya shafi gani a titi. Da Hassana ta aika tana tambayar zancen asibitin ido, aka aiko mata cewa ta dubi Allah, gyaran motar da Baba ya yar ya cinye komai.

A Katabu Malam Datti ya samu barci, wannan kam gaskiya ne. Yakan kwanta a ɗakin da surukinsa ya ware masa, ya tuna cewa jikokinsa na numfashi, jaririn mai masara na numfashi, ya yi hamdala ya juya. Amma idon kullum ƙara rufewa yake, har ya zama sai an kama masa hannu zuwa masallaci, kuma kewar yaran nan ta hana shi sakat.

Sai ga saƙo cewa ranar Asabar Alhaji da iyalinsa za su Zariya ɗaurin auren ɗiyar wani darakta, za su tsaya su gai da Baba, a kuma yi maganar asibiti a gama. Tun da hantsi ya sa aka ɗauko masa farar rigarsa, ya sa Hassana ta soya gyaɗa ta ƙulla wa yara. Ya ce kada a wahalar da su shiga lungu da taɓo, gara a kai shi bakin titi. Aka ajiye masa benci a gefen hanyar Zariya ya zauna, ƙullin gyaɗa a cinya, Hassana na tsaye a kansa.

Wajen azahar ayarin ya taho, motoci a jere, kowace ta kunna fitila da rana tsaka yadda masu biki ke yi. Shi bai ga komai ba, amma ya ɗaga kai tun kafin Hassana ta yi magana, don ya san kukan injin Fijon nan kamar yadda ya san tarinsa. Ya miƙe, ya ɗaga hannu sama. Iskar wucewarsu ta kaɗa masa riga.

Ya daɗe a tsaye hannun na sama, sannan ya tambaya ko yaran na ciki. Hassana ta ce suna ciki, ta hango kan Amina. Ya ce yaron nan gudu yake yi da su, wani ya gaya masa ya rage. Ta ce to. Ya sake tambaya ko dai ba su lura da shi ba ne, tunda bakin titi ne, ga jama'a.

Hassana ta bi ayarin da kallo har ya ɓace. Tsoho ne da farar riga, shi kaɗai a tsaye a fili, rana na tsakiya, fitilun motar kuma sababbi ne, duka biyun a kunne.

"Ba su gan ka ba, Baba," ta ce. "Zo mu koma gida."